Rahoton Haɗarin Jirgin Sama a Matsayin Abin Koyarwa: Sharhi a kan Rahotanni Uku

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Gyallesu ko Tudun Wada ya saba da ƙugin ƙananan jiragen sama da ke shawagi a sararin Zariya. Jiragen koyo ne na kwalejin horon ma'aikatan jiragen sama, wadda aka kafa a wannan gari cikin 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka yaye da yawa daga cikin matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasar nan. A nan Gyallesu kuwa akwai makarantar horon malamai da ta samo asali tun 1962. Ke nan garin da ake koyar da tuƙin jirgi, ake kuma koyar da sana'ar koyarwa, shi ya fi cancanta a tayar da tambayar da wannan takarda ta ƙunsa, watau: rahoton da ake rubutawa bayan jirgi ya faɗi, shin yana karantar da waɗanda aka rubuta shi dominsu?

Za mu dubi rahotanni uku da suka shafi jama'armu kai tsaye, watau na Kano a 1956, da na Jidda a 1991, da na Abuja a 2006. Za mu auna su kamar yadda ake auna kowane rubutu, mu ga abin da suka faɗa da yadda suka faɗe shi da kuma wanda ya ji. Ra'ayinmu shi ne, amfanin rahoto yana cikin jerin dalilan da ya tono, ba cikin sunan wanda ya yi kuskuren ƙarshe ba. Kuma duk rahoton da bai shiga aji ba, to bai gama aikinsa ba.

2.0 Siffar rahoto da manufarsa

Binciken haɗarin jirgin sama yana da ƙa'ida ta duniya. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ce ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO, kuma Rataye na 13 na wannan yarjejeniya shi ya tsara yadda ake bincike. Muhimmin abin da ya tanada shi ne, manufar bincike ita ce hana aukuwar irin wannan haɗari a gaba, ba rarraba laifi ko biyan diyya ba. Ya kuma nemi a fitar da rahoton share fage cikin kwana 30, sa'an nan cikakken rahoto cikin wata 12 in da hali.

Cikakken rahoto yakan kasu kashi huɗu. Kashi na farko bayani ne tsantsa: tarihin tafiyar, da horon ma'aikata, da lafiyar jirgi, da yanayin sama, da abin da aka samu a na'urorin naɗar magana da bayanai, waɗanda jama'a ke kira baƙin akwati. Kashi na biyu nazari ne, inda ake ƙulla waɗannan bayanai da juna. Na uku shi ne hukunci a kan musabbabi, na huɗu kuma shawarwari. Mun lura cewa 'yan jarida da manyan ma'aikata sukan tsallake zuwa kashi na uku, su tsinci jimla guda su tafi da ita. Malami kuwa abincinsa yana kashi na farko da na biyu. Da wannan ma'auni za mu shiga rahotannin.

3.0 Kano, 1956: rahoton da ya riga zamaninsa

Ranar 24 ga Yuni 1956, da yamma, wani jirgin kamfanin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi daga filin jirgin saman Kano zai nufi Tarabulus, daga can ya wuce Landan. Mutum 45 ne a ciki. Akwai hadari a kusa, ana kuma yayyafi. Jirgin ya ɗaga kamar ƙafa 250, sai ya fara rasa gudu yana yin ƙasa, duk da cewa matuƙi ya ba injuna cikakken ƙarfi. Ya bugi bishiya kimanin mil ɗaya da rabi daga ƙarshen titin tashi, ya kama wuta, mutum 32 suka rasu.

Abin da ya fi sauƙi ga masu bincike shi ne su ce matuƙi ya yi ganganci da ya tashi cikin hadari, su rufe fayil. Ba su yi haka ba. Sun tattara shaidar waɗanda suka tsira da ta ma'aikatan duba yanayi, suka ce jirgin ya faɗa cikin wani ƙullin hadari da ba a iya hasashensa ba, inda iska ta juya baya farat ɗaya, ga ruwa mai ƙarfi, ga kuma alamar iska mai dannowa ƙasa. Suka ba da shawara a binciki haɗarin da ke tattare da tashi ko sauka kusa da hadari.

Ƙarfin wannan rahoto shi ne gaskiyarsa: ya siffanta abin da ba shi da suna a lokacin, bai kuma ƙaƙaba masa sunan da ba nasa ba. Sai bayan shekara 19 cif, ranar 24 ga Yuni 1975, da wani jirgin kamfanin Eastern ya faɗi yana shirin sauka a birnin Niyok na Amurka, aka rasa mutum 113, sa'an nan wani masanin yanayi na Jami'ar Shikago, Tetsuya Fujita, ya fito da bayanin abin. Ya nuna cewa wani lokaci dunƙulen iska mai sanyi yakan rufto daga cikin hadari, ya daki ƙasa ya watsu ta kowane gefe, kamar an juye bokitin ruwa a daɓe. Faɗinsa ba ya wuce kilomita huɗu, kuma 'yan mintoci kaɗan yake yi. Jirgin da ya ratsa shi zai fara cin karo da iska ta gaba wadda ke ɗaga shi, sai ta sama ta danne shi, sai kuma ta baya ta ƙwace masa gudu. Da masana suka waiwayi tsofaffin takardu, sai suka tarar haɗarin Kano yana cikin misalai na farko da aka rubuta na wannan ruftowar iska.

Darasin da ke nan ga mai nazari a fili yake. Rahoton da aka rubuta da amana yana iya amfanar mai karatun da ba a haifa ba tukuna. Amma akwai abin takaici: a sararinmu abin ya faru, a wata ƙasa aka karanta shi da idon basira.

4.0 Jidda, 1991: haɗarin da ya fara daga biro

Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan kamfanin Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, kuma babu wanda ya tsira. Hukumomin Saudiyya ne suka jagoranci binciken tare da jami'an Kanada.

A ganinmu wannan rahoto ya fi sauran biyun dacewa da aji, domin ya bi sawun abin daki daki. Biyu daga cikin tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. An gano haka kwanaki kafin ranar, aka kuma sami alamar an gyara alƙaluman da ke cikin takardar aiki domin su yi daidai da ƙa'ida. An yi niyyar sauya tayoyi a Akara, sai matsin lokaci ya sa aka fasa. Da safiyar ranar makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu nan take ba, shi kuwa jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a jinkirta tashi ba. Jirgi na gudu a kan titi sai tayar da ke ɗauke da nauyin 'yar'uwarta ta fashe, ta biyun ta bi baya, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa ba su san akwai wuta ba, domin babu na'urar da ke sanar da gobara a wannan wuri, sai suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa kamar yadda aka saba. Watau da hannunsu suka shigar da wutar inda bututun mai da wayoyi da igiyoyin sarrafa jirgi suke. Suka juyo za su sauka, har aka sami ruɗani na ɗan lokaci a hasumiya tsakanin wannan jirgi da wani, daga ƙarshe jirgin ya tarwatse bai kai titi ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mancesta, James Reason, ya yi bayani a 1990 cewa babban haɗari ba ya aukuwa sai kariya da yawa sun gaza a lokaci guda. Mu kwatanta da gonar da aka kewaye da darni biyar, kowanne da 'yar ɓularsa. Akuya ba ta shiga sai ranar da ɓulolin suka yi saiti. A Jidda darni na farko shi ne ma'aunin iska, na biyu takardar aiki, na uku ikon makanike ya ce a'a, na huɗu sanin matuƙi game da taya, na biyar ƙirar jirgin kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga ɗalibin injiniya a Zariya, babu wata lacca a kan amanar sa hannu da za ta kai wannan labari shiga jiki. Alƙalami guda da aka gyara a takarda yana cikin abin da ya mayar da gidaje da yawa a ƙasar Sakkwato gidajen makoki. Naƙasun da muka gani ba daga rubutun yake ba, daga isarsa ne. Iyalan mamatan Hausa suke ji, rahoton kuwa da Turancin fasaha ya fito. Abin da ya saura a bakin jama'a shi ne jirgin alhazai ya ƙone. Maganar taya da takarda ba ta bazu kamar yadda labarin mutuwar ya bazu ba.

5.0 Abuja, 2006: darasin da ya makara

Ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105. Bai jima da barin ƙasa ba ya faɗi a gona kusa da filin jirgin, mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. An sanar da matuƙa cewa iska tana kaɗawa da ƙarfi, ga hadari a kan filin. Suna ɗagawa iska ta juya, na'urar gargaɗi ta yi ƙara, aka ɗaga hancin jirgi fiye da kima har fikafikai suka kasa ɗaukarsa, kuma babu tazarar da za a farfaɗo da shi.

Mu lura da kyau: shekara 50 ke tsakanin wannan da na Kano, amma kusan labari ɗaya ne. Bambancin shi ne a 1956 ba a san abin ba, a 2006 kuwa an san shi sarai. Bayan faɗuwar wani jirgin kamfanin Delta a Dalas cikin 1985, hukumomin Amurka sun fitar da tsarin horo na musamman a kan juyin iska a 1987, aka kuma wajabta sa na'urar gargaɗi a manyan jirage. Ilmin yana nan a rubuce kusan shekara ashirin kafin haɗarin Abuja.

Rahoton ya sa shawarar tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan kuɓuta a matsayin musabbabi. Sa'an nan a ƙarƙashin abubuwan da suka taimaka, ya ambaci cewa na'urar kwaikwayon tuƙi da aka yi amfani da ita wajen sabunta horo ba ta dace da koyar da kuɓuta daga juyin iska ba, kamfanin ba shi da rubutaccen tsari na aiki cikin mummunan yanayi, kuma matuƙan biyu ba su raba aiki a tsakaninsu yadda ya kamata ba. A nan ne muke da ja. Wannan jeri ya sa abin da ya fi muhimmanci ga malami a sahun baya. Mutumin da ba a horar da hannunsa ba, ba a kuma ba shi ƙa'idar da zai dogara da ita ya ce ba zan tashi ba, kuskurensa reshe ne. Saiwar tana ofis da ɗakin horo. Tun kafin bincike ya yi nisa an riga an ɗora wa matuƙi laifi a bainar jama'a, shi kuwa mamaci ba ya kare kansa. Idan aka ce laifin matuƙi ne aka yi shiru, an sallami kowa ke nan, kuma babu abin da za a gyara, tun da mai laifin ya tafi.

6.0 Cikas uku

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da cikas uku da ke hana rahoto zama abin koyarwa a ƙasar nan.

Na farko shi ne jinkiri. Jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun ranar 22 ga Oktoba 2005 da mutum 117, rahotonsa bai fito fili ba sai 2013, kuma ba a iya tabbatar da musabbabi ba domin ba a sami na'urorin naɗar bayanai ba. Jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni 2012, cikakken rahoto sai 2017. Ɗalibin da ya shiga kwaleji a shekarar haɗari zai gama, ya kama aiki, bai ga darasin ba. An sami gyara ta fuskar tsari, domin dokar 2006 ta kafa hukumar binciken haɗari mai zaman kanta, dokar 2022 kuma ta maye gurbinta da wadda ta haɗa har da jiragen ƙasa da na ruwa, kuma yanzu ana iya samun rahotanni da yawa ta intanet. Sai dai ajiye rahoto a intanet daban, karantar da shi daban.

Na biyu shi ne salo. Harshen rahoto yakan ɓoye mai aiki: an saki jirgi, ba a duba taya ba, an amince da tashi. Mun fahimci hikimar haka, tun da ba kotu ba ce, kuma in ma'aikaci ya san maganarsa za ta zama igiyar rataye shi, ba zai faɗi gaskiya ba. Amma ɗalibi yana bukatar ya ga mutum a tsaye a bakin jirgi, agogo na tafiya, maigida na jira, fasinja sun gaji. Aikin malami ne ya mayar da wannan rai cikin labarin ba tare da ya mayar da aji zauren shari'a ba.

Na uku shi ne harshe da masu sauraro. An ɗauka rahoto na matuƙa ne da injiniyoyi kawai. Amma ranar 4 ga Mayu 2002, da jirgin kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, mutane da dama sun rasu ne a cikin gidajensu, ba su taɓa sayen tikiti ba. Haka nan ranar 22 ga Janairu 1973, da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 daga cikin 202 suka rasu, mutanenmu ne masu dawowa daga Makka. Mai ɗora kaya, da direban tankar mai, da ɗan kwana-kwana, da jami'in alhazai, da mai unguwar da ke maƙwabtaka da filin jirgi, da fasinjan da ke fushi don an jinkirta tashi saboda hadari ko hazo, duk suna da rabo a cikin darasin. Galibinsu a Arewa da Hausa suke tunani.

Akwai masu ganin cewa tono irin waɗannan abubuwa jayayya ce da ƙaddara, ko fama wa masu makoki ciwo. Mu dai ba mu ga saɓani ba. Manomin da ya yarda arziki na Allah ne bai fasa yin shinge ba, kuma ba ya jin kunyar duba inda dabba ta shiga bara.

7.0 Shawarwari

Muna ba da shawara, da farko, a tattara rahotannin haɗurran da suka auku a ƙasar nan ko suka shafi 'yan ƙasar, tun daga zamanin Turawa, a ajiye su wuri guda a Zariya inda ɗalibi zai iya zuwa ya karanta. Mai wannan aiki zai bukaci leƙa gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, domin a ga yadda aka ba jama'a labarin a lokacin, a gwada da abin da bincike ya tabbatar daga baya.

Na biyu, a riƙa koyar da rahoto daga farkonsa. A ba ɗalibai kashin bayani kaɗai, a ɓoye hukunci, a tsaya a kowace mararraba a tambaye su: kai ne makanike a Jidda, babu naitirojin, an ce a tafi, me za ka yi? Ke ce a hasumiyar Abuja, kin ga hadari, me ke cikin ikonki? Sai sun yi gardama sun gaji, sa'an nan a buɗe musu hukuncin masu bincike, a kuma ba su damar su soke shi. Wannan dabara malaman tarbiyya na Gyallesu sun fi kowa saninta, su kuwa malaman kwalejin jirage su ke da ilmin fannin. Abin da ya rage shi ne su zauna tebur guda.

Na uku, kowane babban rahoto a yi masa taƙaitawa ta shafi biyu ko uku da Hausa, a karanta a rediyo, a kuma kai sansanin alhazai. Wannan zai tilasta mana ƙirƙiro kalmomi, kuma aiki ne da ya rataya a wuyan sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'inmu. Mun gwada kaɗan a wannan takarda, kamar juyin iska da ruftowar iska da na'urar kwaikwayon tuƙi, muna kuma roƙon mahalarta su auna su, su gyara.

8.0 Kammalawa

Mun ga rahoton Kano ya faɗi gaskiyar da aka yi shekara 19 kafin a gane ta. Mun ga na Jidda ya bi sawun wuta har zuwa bakin biro, amma bai isa kunnen masu makoki ba. Mun ga na Abuja ya ƙunshi darasi mai kyau, sai dai ya ajiye shi a bayan sunan matuƙi. Dukkansu da rayukan mutane aka saye su: 32, da 261, da 96. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To mu namu gemun ne ya sha kamawa. Yaran da ke shawagi a kan Gyallesu yau su ne za su ɗauki alhazanmu gobe, kuma wata rana ɗayansu zai tsaya a bakin titin tashi, hadari ya haɗo a gabas, ana sa masa ido ya tafi. Abin da zai yanke a wannan minti ya danganta ga abin da muka karantar da shi tun yana aji.